Zanen rana mai murmushi a bangon makaranta: koyarwa ne ko ɓatarwa?

Malamin kimiyya na sakandare: Jama'a, ga maganata a fili: zanen da ake yi a bangon makarantunmu na Sakkwato, rana da haƙora, duniyoyi a jere kamar tukwane a kasuwa, ɓarnarsa ta fi amfaninsa. Faɗin rana ya ninka na duniya sau 109. Idan rana ƙwallon ƙafa ce mai santimita 22, duniya ƙwayar gero ce, nesa da ita da mita 24. Jupita, babbar cikin duniyoyin, ɗan kanya ne a mita 120 da 'yan kai. Wane bango zai ɗauki wannan?

Mai zanen bango: Malam, lissafinka daidai ne, amma hukuncin ya yi tsauri. Aikin bango jeri ne: wace ke kusa da rana, wace ke bi mata. Nisa kuwa aikin fili ne. A rubuta a ƙasan zanen cewa ba a bi ma'auni ba, sannan a fita da yara da ƙwallo, da gero manne a kwali don kada ya ɓace cikin rairayi, da igiya mai ƙulli a kowace mita. Murmushin rana bai taɓa kayar da kowa jarrabawa ba.

Malamar firamare: Ni fuskar ba ta dame ni ba, yaro ɗan aji 3 ya san rana ba ta da haƙora. Hanyar da duniya ke bi wajen zagaya rana ce matsalar. Ana zana ta dogo kamar ƙwai, sai yaro ya ɗauka zafi na zuwa ne idan mun matso kusa. Alhali farkon Janairu muka fi kusa, kilomita miliyan 147, lokacin da hunturu ke fasa mana leɓe. A Yuli muna miliyan 152.

Mai zanen bango: Wannan na karɓa, Malama, laifinmu ne. Gyaran kuma ba wuya. Ƙusa ɗaya da igiya mai mita ɗaya, a zaga da'ira, sannan a gusar da rana daga tsakiya da santimita 1.7 kacal. Iyakar karkacewar ke nan, ido ma ba ya kamawa.

Malamin kimiyya na sakandare: To ai kun dawo kan maganata.

Malamar firamare: A'a Malam, zane mai kuskure muka soka, kai kuwa zanen gaba ɗaya ka ce a goge. Karkatar duniya da digiri 23.5, wadda ita ce ke kawo sauyin zafi da sanyi, ta yaya za ka nuna ba tare da hoto ko misali ba? A soke lemo da tsinken tsire, a karkata shi, a zagaya fitila da shi. Inda ake kuskure: yaro yana zagayawa yana juya tsinken. Dole kan tsinken ya ci gaba da kallon kusurwa ɗaya ta ɗakin, in ba haka ba darasin ya rushe. Sannan a ƙarshen Afrilu a kafa sanda a miƙe, bayan sha biyu da rabi kaɗan inuwarta za ta kusa ɓacewa, don rana na bisa kanmu.

Wani dattijo mai bibiyar ganin wata: Ku ƙara da jinjirin wata, tunda garin da ake sanar da ganinsa muke. Masu zane na kwafo shi a tsaye daga littattafan Turai, nan kuwa yakan fito a kishingiɗe kamar ƙwarya. Kuma ba a ganin tauraro a tsakanin ƙahonninsa, wurin jikin wata ne da haske bai kai ba.

Malamin kimiyya na sakandare: Baba, na ji. Amma kafin fenti ya taɓa bango, a kawo zanen a takarda malamin darasin ya duba. Haƙoran rana kuwa har yanzu ban yarda da su ba.