Ina son shirya gudun tara kuɗi saboda ciwon Yayata, ta ina zan fara?

Mai Gyaran Waya:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, amma ku yi haƙuri in ɗan ja zancen, don in ban faɗi mafari ba ba za ku gane inda na dosa ba.

Yayata da nake bi malamar firamare ce, 'ya'yanta uku. Shekara huɗu ke nan, wata safiya ta tashi idonta na hagu yana gani dishi-dishi, in ta juya shi kuma ya yi mata zafi. Bayan 'yan makonni ya washe, muka manta. Da shekara ta zagayo sai ƙafa: ta ce in ta taka ƙasa kamar auduga ta taka, wani lokaci kuma kamar kiyashi na bin ta. Alli ya fara suɓuce mata a gaban allo. Babu abin da ba a ce ba. An ce taifot, an ce iska, wata gwaggonmu har rantsuwa ta yi cewa hannu aka sa mata. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi hayaƙi. Sai bara wani likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya tura mu hoton MRI, aka kuma ɗebi ruwan bayanta, ya ce cutar MS ce, wato maltiful siklerosis. Ni da farko na ɗauka sikila ya ce, har na tari numfashinsa na ce ai Yaya AA ce.

Da ya ji gyaran waya nake yi a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, sai ya ce in tuna igiyar caja. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka suna da riga, kamar robar da ke lulluɓe da igiyar, sunanta mayelin. Garkuwar jikin mutum ce da kanta take afka wa rigar tana sale ta. Caja mai salallen baya kuwa na san ta: yau ta ja, gobe ta ƙi, jibi sai ka lanƙwasa ta. Haka Yaya take. Wata guda lafiya lau, har a ce ta warke, sai kuma abin ya dawo.

Mu goma sha biyu ne muke fita motsa jiki duk Asabar bayan asuba a wajen filin sukuwa. Na ga 30 ga Mayu ce ranar cutar MS ta duniya, sai na kawo wa abokaina shawarar mu shirya gudu ranar, kilomita 10 a kan titi, mu tashi daga filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Kowa ya biya naira 3,000 a ba shi riga mai tambari, abin da ya ragu a tara. Sun amince, amma babu wanda ya taɓa shirya ko gasar langa a cikinmu. Wa ake nema izini a wurinsa? Ruwa da motar asibiti fa? Kuma yaya za a yi kada a ce cin kuɗin mutane muka shirya?

Tsohon Ɗan Tsere:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Yayarka lafiya, ya sa kaffara ne. Ɗana, na shekara ashirin ina shirya wasannin makarantu, don haka bari in fara rushe maka ranar tukuna. Ɗauko kalanda. 30 ga Mayun 2026 Asabar ce, kuma ita ce ta ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli a Kano, an hana zirga-zirga da safe har ƙarfe 10. Bisa lissafi kuma kwana biyu ko uku ne bayan Babbar Sallah, kowa na fama da suyar nama da yawon sallah. Ga zafi: a watan Mayu ƙarfe 8 na safe ma gumi kake yi kana zaune. Ka dawo da abinka cikin hunturu, a Janairu, kafin azumi ya kama a Fabrairu. A fara ƙarfe 7, a watse kafin 9.

Kilomita 10 kuma ta ku ce ku goma sha biyu. Mai tumbin da zai ba ka kuɗi mai kauri ba zai iya ba. Ka yi 5, ka kuma buɗe tattaki na kilomita 2 ga mata da dattawa da yara. Kada ka kira shi tsere, don da zarar an ji tsere za a tambaye ka nawa na ɗaya zai ci.

Titi kuwa, a karon farko ka rabu da shi. Rufe titi ɗaya a Kano sai ka bi 'yan sanda, ka bi 'yan KAROTA masu kula da zirga-zirgar ababen hawa, ka bi jami'an kiyaye haɗura, bayan duk wannan mai adaidaita sahu ɗaya ya kutso ya ɓata maka taro. Nemi wuri mai katanga, filin wasa ko harabar makaranta, ka rubuta wa masu wurin takarda. Zagayen filin guje-guje mita 400 ne, kilomita 5 zagaye goma sha biyu da rabi ke nan. Duk da haka ka kai wa DPO na yankin takardar sanarwa, ka gaida mai unguwa, tunda za a haɗa maza da mata ka leƙa ofishin Hisbah ka yi musu bayani tun kafin su ji a bakin wani. 'Yan Red Cross ko 'yan agaji ka same su da wuri. Ruwan leda ka lissafa uku ga kowane mutum, ka ajiye yara masu buhu su tsince ledojin, in ba haka ba masu filin ba za su sake ba ka ba.

Anti Mai Fisiyo:

Ƙanina, sannu da ƙoƙari. A sashen gashin ƙashi nake aiki, kuma na riƙe masu wannan ciwon, ba su da yawa amma akwai su. Maganar zafin da Baba ya yi ta fi yadda shi ma ya ɗauka. Mai MS in jikinsa ya ɗumama, ko da rana, ko da zazzaɓi, ko da ruwan wanka mai zafi, alamomin kan taso: ido ya dushe, ƙafa ta yi nauyi. Wani likitan ido Bajamushe mai suna Uhthoff ne ya bayyana haka tun 1890, a da ma har a baho na ruwan zafi ake saka mutum don a gane ko ciwon ne. Ba sabuwar ɓarna ba ce, in jiki ya huce yakan lafa. Amma ka ga ke nan in ka yi taron a Mayu, waɗanda ka yi dominsu su ne ba za su iya tsayawa a filin ba. Ko a hunturun ka tanadi rumfa, kujeru, ruwan sanyi, da banɗaki a kusa, don matsalar fitsari tana damun da yawansu kuma kunya ba ta bari su faɗa.

Tambayata ta gaskiya ita ce: kuɗin na me ne? Ka ce «a tara», ba ka ce a yi me ba. In na Yayarka ne, ka fito ka faɗa, ba abin kunya ba ne. In na masu ciwon ne baki ɗaya, to ka zaɓi abu guda ƙarami da za ka iya nunawa. Magungunan da ke rage dawowar ciwon suna da tsada sosai. A 2023 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka uku daga ciki a jerin muhimman magungunanta, har da rituximab da ake ƙarawa ta jijiya kusan duk wata shida, amma shiga jeri daban, araha daban. Kuɗin gudu ɗaya na iya ƙarewa a kan mutum guda. Ni da ni ce, hoton MRI zan biya wa waɗanda likita ya tura suka kasa. Shekara ukun da kuka yi kuna yawo, ai rashin sanin sunan ciwon ne. Akwai ma wani ciwon mai kama da shi, NMO, da ya fi yawa a baƙar fata fiye da Turawa, kuma wasu magungunan MS ƙara tsananta shi suke yi, don haka gwaji ba ado ba ne. Ka je sashen likitocin jijiyoyi na asibitin Malam Aminu Kano ka tambayi yadda ake taimaka wa marasa ƙarfi ta hannun ofishin walwalar marasa lafiya.

Sannan ita Yayar, ka tambaye ta kuwa? Ban ga inda ka ce ta yarda ba.

Ɗan Kwari:

Malam, ni ɗan kasuwa ne, lissafi na iya. A ce mutum 200 sun zo, wanda ma zai yi wuya, naira 600,000 ke nan. Cire riga da bugun tambari, ni nake sayar da rigunan, na san abin da nake faɗa. Cire rumfa, lasifika, janareta da mansa, ruwa, ɗan abin da za ka sallami 'yan agaji. Abin da zai ragu, Alhaji ɗaya a layinmu zai ba ka shi yana waya da ɗayan hannun. Me ya kawo gudu? Ka je gidan rediyo a yi sanarwa, a buɗe gidauniya, shi ke nan. In kuma ka dage, to kada kobo ya shiga asusunka. A buɗe na daban mai sa hannun mutum uku, ɗaya ya zama dattijon da ba danginku ba, limami ko shugaban makarantarsu. Kuma duk wanda ya ba ka zakka ka ware ta, ta mara lafiya mabuƙaci ce, ba a buga riga da ita.

Maman Biyu a Manchista:

Alhaji na Kwari, lissafinka daidai ne, amma ba a kuɗin rajista ake samun kuɗin ba. Nan Ingila ciwon ya yi yawa, ƙungiyar masu shi tun 1953 take, kuma sau biyu ina shiga irin wannan gudu saboda wata abokiyar aikina. Yadda suke yi, kowane mai gudu shi ne mai roƙo. Ni na bi 'yan'uwa da abokan aiki na ce zan yi kilomita 5 ranar kaza, kowa ya ɗauki nauyina da abin da ya sawwaƙa. Ƙanina, ku goma sha biyu ne: kowa ya buga takarda, ya nemo mutum ashirin da za su rubuta suna da abin da suka yi alkawari. Mai shago, surukai, 'yan majalisa, zauren WhatsApp na 'yan ajinku. Mutum 240 ke nan da aka zaunar aka yi wa bayanin ciwon baki da baki, abin da sanarwar rediyo ta minti ɗaya ba za ta yi ba. A duniya an ƙiyasta masu shi sun kai miliyan 2.8 a 2020, mata sun ninka maza, yawanci kuma tsakanin shekara 20 da 40 yake bayyana, daidai lokacin da mace ke goyo. Mata nawa ne a gida ake ce musu raki ne ko son jiki?

Riga kuma ka bar ta. Launin ruwan lemo ne alamar ciwon, ka sayi yadi a yanka ƙyalle kowa ya ɗaura a hannu, mata su maƙala a hijabi. Ko Alhaji ya ba ka bandir ɗaya sadaka, tunda Allah ya kawo shi.

Mai Gyaran Waya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Baba, na duba kalandar, na yi dariyar kaina. Mun mayar da shi Asabar ta biyu a Janairu in Allah ya kai mu, kuma gobe zan kai takarda wata sakandare mai fili da katanga.

Anti, kin kama ni. Ban tambaye ta ba, har hotonta na tura wa mai buga allon sanarwa. Jiya da daddare na je gidanta na faɗa mata. Ta yi shiru, sannan ta ce in na kuskura na manna fuskarta a titi ba ni ba ita, don a makarantarsu mutum biyu kaɗai suka sani, kuma tana da 'ya'ya mata da wata rana za a zo neman aurensu a fara tone-tone. Na ce mata ai ba a ɗauka, kuma likita ya ce ba irin gadon sikila ba ne. Ta ce ta sani, masu bincike ne ba su sani ba. Kuɗin ma ta ce ba ta so a ce nata ne, mijinta yana iyakar ƙoƙarinsa, a yi na hoton kamar yadda kika ce. Amma za ta zo, ta zauna a rumfa tana miƙa wa waɗanda suka gama dabino, ba wanda zai san ko wace ce. Na kira mai bugawa na ce ya goge hoton.

Alhaji, limaminmu ya yarda zai sa hannu a asusun. Maganar bandir ɗin nan fa, Maman Biyu ce ta faɗa ba ni ba, amma yadi nawa ne a ciki, kuma ƙyalle nawa zai fitar in an yanka faɗin yatsa uku?