Neman Shawara: Ƙafar Hiace Ɗina Ta Gaji, Sabon Kaya Zan Saya Ko Ɗan Beljiyam?

Bello Mai Bas, Jega:
Assalamu alaikum 'yan'uwa direbobi da iyayen gidanmu kanikawa. Ina da Toyota Hiace, wadda ake kira Homa, ƙirar 2008. Ina jigila da ita tsakanin Jega da Yauri, wani lokaci har Kwantagora, in kakar albasa ta zo kuma nakan ɗauko buhuna daga Aliero. Tun ƙarshen damina ƙafar gaba ta fara kuka. Da na faɗa rami sai in ji ƙwas-ƙwas ta ɓangaren direba, sitiyari na karkarwa in na ɗan taka, tayar gaba ta hagu ta cinye ta ciki har waya na neman leƙowa. Bayan motar kuma ya zauna ta gefe guda, ko babu kaya.

Bakaniken da na kai wa ko ƙarƙashinta bai shiga ba, ya cika mini takarda: shokabzoba huɗu, bol joyin sama da ƙasa (gaɓar da ke haɗa taya da hannun ƙafa), tayarod (sandar da ke juya taya in an murɗa sitiyari), bushin (robobin hannun ƙafa), har da sifirin baya. Kuɗin ya fi ƙarfina a lokaci guda. Wanne ne dole, wanne zai iya jira? Sabo ya fi ko ɗan Beljiyam, wato na hannu da aka kwance daga motocin waje? In saya a Birnin Kebbi ko in aika Kano? Allah Ya saka da alheri.

Oga Mamman Bakanike, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam Malam Bello. Ajiye takardar nan tukuna. Wanda bai kwanta a ƙarƙashin mota ba bai san ciwonta ba, canki-canka kawai ya yi maka.

Ka sa a ɗaga gaban da jak, a tokare ta da kyau, kai kuma ka tsaya kana kallo. A kama taya sama da ƙasa a girgiza. In ta yi wasa, bol joyin ne ko boris. Sa yaro ya danne birki a sake girgizawa: in wasan ya ɓace boris ne, in yana nan bol joyin ne. Sannan a kama ta dama da hagu. Wasa a nan na tayarod ne ko rak-en, wato sandar da ke shiga cikin rak ɗin sitiyari. Bol joyin da nauyi ya danne yakan ɓoye wasansa, don haka a zura dogon ƙarfe ƙarƙashin taya a ɗan ɗaga, wani na haska tocila a kansa. Dubi robar da ta rufe shi. In ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga, to ko bai fara ƙara ba kwanansa ya kusa ƙarewa.

Ƙwas-ƙwas ɗin da kake ji ma zai iya zama ɗan linkejin sitabilaiza ne (sandar da ke hana mota karkata a kwana) ko robarsa, kuma su ne mafi araha a duk ƙafar mota. Na sha ganin an canza shok sabo fil, ƙara na nan daram, ashe roba ce da ba ta kai kuɗin man zuwa Koko ba.

Shok kuwa, duba jikinsa. Ɗan danshi ba komai, amma in mai ya gangaro ƙura ta manne masa ya yi baƙi, ya mutu. Kuma in mota na ta lilo bayan ta wuce rami, shi ne.

Alhaji Ɗanjuma, mai kayan gyara:
Ni sana'ata ce, zan faɗa maka gaskiya ko da za ta rage mini ciniki. Raba kayan gida biyu. Abin da yake ƙarfe zalla, kamar hannun ƙafa na sama da na ƙasa, sifiri da sandar toshon (wadda ke aikin sifiri a ƙafar gaba), ɗan Beljiyam mai kyau ya fi sabo ɗan arha nesa ba kusa ba, domin ƙarfen kamfani ne na asali. Abin da yake da roba, giris ko mai a ciki, wato bol joyin, tayarod, bushin da shok, sabo za ka nema. Wanda aka kwance daga motar da ta gama yawonta a Turai, ba ka san saura kwana nawa gare shi ba.

A sabon, in ba za ka iya na Toyota a kwalinsa ba, kayan 555 na Japan na da suna a bol joyin da tayarod, na kamfanin KYB kuma a shok. Sai dai sunan nan nasu shi ya jawo jabunsu ya cika kasuwa, kwali iri ɗaya, rubutu iri ɗaya. Riƙe bol joyin a hannu ka karkata kansa da babban yatsa. Na kirki yana da tauri, sai ka sa ƙarfi. In yana lilo kamar haƙorin tsohuwa, mayar masa da abinsa. In an faɗi maka farashin da ya yi ƙasa da na kowa sosai, arha ba ta ado.

Nasiru Ɗan Argungu:
Alhaji, a gafarce ni, maganar shok ban yarda ba. Ɗan Beljiyam ni ka amfani da shi, kuma ya fi mini sababbin da munka saya baya. Sababbin nan wata ukku sun fara yoyo.

Alhaji Ɗanjuma, mai kayan gyara:
Nasiru, jabu aka ba ka da sunan sabo, shi ya sa. Ban ce babu na kirki a Beljiyam ba, amma sa'a ce. Akwai masu wanke mataccen shok su fesa masa fenti. Wanda zai saya dole, ya tsayar da shi, ya danna ya ja har ƙarshe, ya ji ko akwai inda ya yi sako-sako, ya kuma dubi sandar ko ta yi tsatsa ko ƙarzuwa. Sannan su yi yarjejeniya da mai shago a gaban shaida cewa in bai yi ba za a dawo da shi.

Baba Sahabi, tsohon direba, Yauri:
Yaro, ka ji ni da kyau. Komi za ka jinkirta, kada ka jinkirta bol joyin ƙasa. Shok in ya mutu wahala za ka sha, fasinja su yi tsaki. Bol joyin in ya cire, taya ce za ta kwanta ƙarƙashin mota, kuma ba ya sallama. Wanda ya taɓa ganin bas cike da mutane ta durƙusa a kan kwalta ba ya ciniki a kan wanga abu.

Bayan da ya zauna kuma, kai ka san dalili, mu ma mun sani. Albasa ce. Ka sa a wanke sifirin a duba falle-falle, sau da yawa guda ne ya karye kusa da kusar tsakiya, ko kusar ce ta tsinke. Kada ka bari a yi maka walda a kai. Ƙarfen sifiri in ya sha wutar walda ya rasa taurinsa, zai sake karyewa dab da wurin. A sauya fallen. In za ka ƙara falle don kaya, ka ƙara dama da hagu daidai, kuma ka sani ƙarin falle bai ƙara wa birki da taya ƙarfi ba.

Ummaru:
Allah Ya kawo mafita. Muna biye, tawa ma haka take yi.

Injiniya Kabiru, Gusau:
Kan inda za ka saya: ƙananan abubuwa irin su linkeji da roba ka nema nan kusa, kuɗin aike zai cinye rangwamen. Manyan kuwa, Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna sun fi yawan zaɓi, Ladipo a Legas kuma ita ce uwar kayan Beljiyam. Amma kada ka ce wa mai shago "na Homa" kawai. Wannan samfurin an fara shi tun 2004, akwai mai faɗi da mai matsattsen jiki, akwai doguwa da gajera, kuma ba kowane abu ne ke shiga kowace ba. Ɗauki hoton lambar shasi ka tura, in da hali ka haɗa da tsohon da aka kwance a gwada su kafaɗa da kafaɗa. Direban da ka yarda da shi ya fi a tura kuɗi ga lambar da ba ka san mai ita ba.

A wurin ɗaurawa akwai abin da yawancin gareji ke tsallakewa. Kusoshin bushin ba a ƙarasa ɗaure su mota na rataye a jak. Sai an sauke ta ta zauna da nauyinta, sannan a tamke. In an tamke a sama, robar za ta zauna a murɗe, ba ta daɗewa take yagewa, ka ce kayan ne jabu. Shok ana canza shi biyu-biyu, dama da hagu. Sandar toshon kowace da gefenta, akwai alamar L (hagu) da R (dama), a kuma yi wa kusar gyaran tsayinta alama kafin a kwance. Goron bol joyin da na tayarod a sa musu sabon fin, ba guntuwar ƙusa ba.

Oga Mamman Bakanike, Birnin Kebbi:
Injiniya ya gama magana. Abin da zan ƙara, bayan an taɓa tayarod ko hannun ƙafa, wuce wurin alaimen, wato saita tayoyi, kai tsaye kafin ka ɗauki fasinja. Kuma kada ka sa sabuwar taya sai an gama wannan, in ba haka ba ita ma za ta cinye ta ciki. Karkarwar sitiyari kuwa, a yi balansin a duba ko rim ya lanƙwashe.

Bello Mai Bas, Jega:
Na gode ƙwarai iyayena. Yau da safe na sa an ɗaga ta ina tsaye. Bol joyin ƙasa na hagu yana wasa, robarsa ta yage, tayarod ɗin gefen ma haka, linkeji duka biyu sun tafi. Shok na gaba lafiya lau, na baya ɗaya ne ke yoyo. Sifiri kuwa, Baba Sahabi kamar kana wurin, falle na biyu ne ya karye. Na ajiye motar sai an sa bol joyin. Alhaji Ɗanjuma, tunda na dama bai fara wasa ba, in bar shi ko in haɗa su?

Alhaji Ɗanjuma, mai kayan gyara:
Haɗa su, Malam Bello. Rana ɗaya suka fara aiki, ramuka ɗaya suka faɗa, kuma kuɗin alaimen sau ɗaya za ka biya. Shok ɗin baya na iya jiranka zuwa ƙarshen wata, in dai ka rage buhunan.