Zaman Bitar Aiki na Shekara da Manaja: Yaya Kuke Shirya Masa?

Sabon ma'aikaci a sashen sayayya:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. A wata mai zuwa zan zauna da manajana domin bitar aikina na shekara, kuma wannan ne karon farko da zan shiga irin wannan zama. An aiko mini da fom mai sassa uku: abin da na cim ma, inda nake ganin ina da rauni, da abin da nake so in koya a shekara mai zuwa. Sashen tsakiya ne ya tsaya mini a rai, domin ina tsoron kada abin da na rubuta da hannuna ya zama hujja a kaina ranar da za a yi maganar ƙarin girma. Ina roƙon waɗanda suka riga ni su faɗa mini yadda suke shiri, da abin da suka ga ya yi musu amfani a zahiri.

Akanta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shirin da ya fi yi mini amfani ba a makon zaman nake yin sa ba. Ina da littafi da nake rubuta abin da na kammala a ƙarshen kowane mako: aikin da aka ba ni, abin da na yi, da abin da ya biyo baya. Dalilina shi ne mutum ya fi tuna abin da ya faru kwanan nan, manaja kuwa yana da mutane da yawa a ƙarƙashinsa, saboda haka idan ka shafe watanni kana aiki mai kyau sannan wani rahoto ya makara ana gab da zaman, wannan rahoton ne zai fara zuwa masa a rai. Tunda ba ka da irin wannan littafi tukuna, ka koma kan saƙonnin imel da ka aika da jadawalin tarurrukanka, ka bi su wata bayan wata, za ka tarar da ayyukan da kai kanka ka manta da su.

Idan ka tattara, kada ka zuba su duka a fom. Ka zaɓi uku ko huɗu da suka fi kusa da abin da aka ɗauke ka aiki dominsa, ka rubuta kowanne tare da sakamakonsa. Idan ka ce ka taimaka wajen hulɗa da masu kawo kaya, ba ka faɗi komai ba. Amma idan ka ce ka kwatanta farashin masu kawo kaya uku, an sauya ɗaya daga cikinsu, kuma kayan sun daina makara, ka ba manajanka maganar da zai iya maimaitawa a gaban nasa shugaban.

Shugabar sashe:

Ni ce mai zaunar da ma'aikata a sashenmu, don haka bari in faɗi abin da ma'aikaci ba ya gani. A yawancin manyan ma'aikatu manaja ba shi kaɗai yake yanke makin da ake ba ma'aikaci a bitar ba. Shugabannin sassa sukan haɗu su kwatanta mutanensu, kowa yana kare nasa, kuma akan taƙaita yawan waɗanda za a ba maki mafi girma. Tsarin da ya fi shahara shi ne na kamfanin General Electric a zamanin Jack Welch, wanda ya shugabance shi daga 1981 zuwa 2001, inda ake raba ma'aikata kashi 20 cikin ɗari a sama, 70 a tsakiya, 10 a ƙasa. Microsoft ya yi watsi da irin wannan jeri na dole a 2013, kamfanin manhajoji na Adobe ma ya soke bitar shekara a 2012 ya koma ga tattaunawa a kai a kai, amma taron kwatanta maki yana nan a wurare da yawa. Abin da wannan yake nufi gare ka shi ne, sau da yawa an riga an miƙa makinka kafin ku zauna. Da sanyin safiya ake kama fara: ka tambayi manajanka yau ranar da zai miƙa maki, ka aika masa da taƙaitaccen bayanin ayyukanka kafin ranar. Na sha shiga wannan taro ina da yaƙinin cewa wani ma'aikacina ya cancanci fiye da abin da aka ba shi, amma takwarana ya zo da misalai a rubuce, ni kuwa ba a ba ni komai ba sai yabon da ke bakina.

Game da raunin da kake tsoron rubutawa, ban taɓa riƙe wa ma'aikaci abin da ya faɗa a kan kansa da gaskiya ba. Wanda ya bar wurin fili, ko ya rubuta cewa rauninsa shi ne yawan son aiki, shi ne yake sa ni shakka, domin ko dai bai duba kansa ba ko kuma bai yarda da ni ba. Ka zaɓi giɓi na ƙwarewa, kamar rashin gogewa a ciniki da manyan dillalai ko rashin sabo da manhajar da kuke amfani da ita, sannan ka haɗa shi da matakin da ka fara ɗauka. Irin wannan rauni shi ne yake zama dalilin tura ka kwas.

Ma'aikaciyar jinya:

Na yarda da Malam akanta a kan littafin, amma ina jin tsoron kada masu karatu su ɗauka sai aikin da ake ƙirgawa ne yake da hujja. Mafi yawan abin da nake yi ba ya shiga lissafi: kwantar da hankalin dangin majiyyaci, lura da sauyin numfashi kafin lamari ya ɓaci, koya wa sabuwar ma'aikaciya yadda ake miƙa aiki idan za a tashi. Ni lamura nake rubutawa, ba tare da sunan majiyyaci ba: abin da na gani, abin da na yanke, da wanda ya shaida. Kafin zaman kuma nakan tambayi abokan aiki biyu da na amince da gaskiyarsu su faɗa mini abu ɗaya da suke so in ci gaba da yi da abu ɗaya da suke so in gyara. Duk abin da shugabata za ta faɗa, galibi na riga na ji shi daga bakinsu, don haka ba ya zo mini ba zato.

Jami'in kula da ma'aikata:

Maganar da 'yar'uwarmu ta rufe da ita tana da muhimmanci, domin yawancin zaman da suka lalace a gabana a lokacin da ake sukar aikin ma'aikaci ne suka lalace. A 1996 masu bincike biyu, Avraham Kluger da Angelo DeNisi, sun tattara ɗaruruwan gwaje-gwaje a kan tasirin gaya wa mutum yadda aikinsa yake, suka gano cewa ko da yake yana inganta aiki a jimlace, a fiye da kashi ɗaya cikin uku na gwaje-gwajen aikin raguwa ya yi. Bayaninsu shi ne, idan magana ta karkata hankalin mutum daga aikin ta mayar da shi kan darajar kansa, amfaninta yakan ragu. Wannan yana cikin abin da za ka iya shiryawa. Idan manaja ya ce maka ba ka da himma, kada ka shiga kare halinka. Ka tambaye shi cikin ladabi a wane aiki ya ga hakan, yaushe, kuma me yake so ya gani a madadinsa. Idan yana da misali, ka samu abin gyarawa. Idan ba shi da shi, shi ma zai lura. Kuma ba dole ba ne ka ba da amsa nan take. Kana iya cewa ka ji, kana neman kwana biyu ka yi tunani.

Kafin ka sa hannu a fom, ka karanta abin da ke saman wurin sa hannun. A wurare da yawa sa hannu yana nufin ka ga abin da aka rubuta ne kawai, kuma akwai gurbin da ma'aikaci zai rubuta nasa bayanin idan bai gamsu ba. Ka duba littafin ƙa'idojin ma'aikatarku tun yanzu.

Injiniyan kula da na'urori:

Ba kowane manaja ne irin Hajiya shugabar sashe ba. A wani wuri da na yi aiki, shugabana yakan ɗage zaman har sai wa'adi ya matso, sannan ya cike fom a gabana, ya ba ni matsakaicin maki a kowane layi, ya ce babu wata matsala. Wannan ya fi suka ciwo, domin mutum yakan fita bai san inda yake ba. Abin da ya sauya lamarin shi ne na fara aika masa da tambayoyi uku kafin zaman: wane aiki nawa ya fi amfanar sashen, me zan daina yi, kuma me ya rage mini kafin in cancanci mataki na gaba. Bayan zaman kuma, a ranar, nakan aika masa da imel mai ɗauke da abin da muka amince da shi da lokacin kowanne. Kafin in fara haka an taɓa yi mini alkawarin kwas da baki, da lokaci ya zo aka ce an rufe kasafin kuɗi, kuma babu takardar da zan nuna.

Sabon ma'aikaci a sashen sayayya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na tambayi manajana, ya ce mako biyu kafin zamanmu zai miƙa maki, don haka na fara tattara bayanan. Saura tambaya ɗaya: ya dace in kawo maganar ƙarin albashi a wannan zama?

Shugabar sashe:

Ya danganta da tsarin ma'aikatarku, kuma wannan ma abin tambaya ne tun kafin ranar. A Suwidin da Denmak an saba raba zaman ci gaban ma'aikaci da zaman albashi, kuma ina ganin hikimar hakan, domin da zarar an ambaci kuɗi ma'aikaci yakan ɓoye rauninsa, manaja kuma yakan fara neman dalilin hanawa. Idan a wurinku zama ɗaya ne, ka bar maganar zuwa ƙarshe, bayan an amince da ayyukanka. Idan daban ne, ka tambayi lokacin da ake yanke albashi da ma'aunin da ake bi, ka nemi a sa muku rana. Kada ka kafa hujja da bukatunka na gida ko da albashin abokin aikinka. Ka kafa ta da nauyin da ya ƙaru a kanka tun da aka ɗauke ka.

Tsohon malami mai horar da ma'aikata:

Ɗana, kowa ya yi magana a kan shekarar da ta wuce, ni kuwa sashe na uku na fom ɗinka ne ya fi damuna, domin shi kaɗai ne ba a riga an yanke shi ba kafin ka shiga. Na ga mutane da yawa sun rubuta cewa suna so su ƙara ƙwarewa, aka ce madalla, shekara ta zagayo babu abin da ya faru. Tun 1981 George Doran, wani masanin gudanar da kamfanoni, ya ba manajoji shawarar cewa manufa ta zama takamaimiya, mai aunuwa, mai yiwuwa, a san wanda zai yi ta da lokacin gama ta, kuma har yau ban ga abin da ya fi wannan sauƙin aiki ba. Ka shiga da buƙata ɗaya babba, ka san kuɗinta da lokacin da za ta ci, ka kuma nuna abin da sashen zai samu. Ka tanadi buƙata ta biyu da ba ta cin kuɗi, domin idan aka ce babu kasafi ka samu abin da za ka nema: a bar ka ka riƙa zama tare da babban jami'i idan ana ciniki da dillalai, ko a ba ka ƙaramar kwangila ɗaya ka bi ta tun daga neman farashi har zuwa isowar kaya. Ni a irin wannan na koyi mafi yawan abin da na iya, fiye da ɗakin horo. Kafin ku tashi, ka roƙi manajanka ku sa ranar ɗan gajeren zama bayan wata uku domin duba inda aka kwana, kuma ka rubuta ranar a cikin imel ɗin da ɗan'uwanmu injiniya ya ambata.