Neman kalmar Hausa: sunan iyali da aka ɗauko daga sunan ƙauye

Jama'a, ku taya ni nema. Turawa na da abin da suke kira toponymic surname, wato sunan da iyali ke gada alhali asalinsa sunan wani ƙauye ne. Me za mu ce da Hausa?

Washington asalinsa ƙauye ne a arewa maso gabashin Ingila, dab da Sunderland. Wajen 1180 wani William de Hertburn ya mallaki ƙasar wurin, sai aka koma kiransa da sunan ƙauyen. Zuriya ta riƙe sunan har ya iso kan George Washington, wanda aka haifa a Virginia a 1732, kuma bai taɓa taka Ingila ba.

Su kansu ƙauyukan, jelar sunan ce ke faɗin asalinsu. A tsohon Turanci "ton" gida ne mai shinge da gonarsa, kamar tunga a wurinmu. "Ham" mazauni ne, shi ke cikin sunan ƙauyen Beckham na yankin Norfolk. "Ford" mashigin ruwa, don haka Oxford mashigin shanu ke nan. Wanda ya fi burge ni shi ne "by" na Derby da Grimsby: 'yan Viking, mahara daga arewacin Turai, da suka zauna gabashin ƙasar tun ƙarni na 9 ne suka bar shi. Kamar dai ka ji an ce Rugar Wane, ka san Fulani ne suka fara kafa bukka.

Abin ba baƙo ba ne gare mu. Aminu Kano, Sa'adu Zungur, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da yawa a makarantar boko aka liƙa musu sunan garinsu don a rarrabe Muhammadu biyar a aji ɗaya. Yanzu jikoki haifaffun Abuja na amsa sunan.

Na gwada "sunan gari", ya ƙi, don mai ji zai zaci sunan garin kansa ake nufi. "Sunan mahaifa" ya faɗi a kan Washington, tunda ba a can aka haifi George ba. Laƙabi kuwa ba a cika gadonsa ba. Wani malamina ya ce "nasaba", irin ta Alkanawi da Alkashinawi. Allah ya gafarta Malam, tana da ƙarfi, amma kunnen Bahaushe dangantakar jini yake ji.

Ni dai na tsaya kan "sunan tushe". Ku ji a baki: "Beckham sunan tushe ne, Shagari ma haka." Mutanen Sakkwato da Damagaram, ya zauna muku a harshe?