Yumɓu ya hana lissafin lantarkina daidaita, ina neman taimako

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa masu nazarin duwatsu. Wata 2 ke nan ina fama da matsala ɗaya, ta hana ni barci.

Na ɗauki hoton cikin dutsen yashi da na'urar sikanin CT (mai ɗaukar hoton cikin abu ba tare da an fasa shi ba), na raba shi kashi 3: ƙwayoyin yashi, ramuka da yumɓu. Kwamfuta tana warware lissafin Laplace (lissafin yadda ƙarfin lantarki ke bazuwa a cikin abu) a kan hoton don gano yadda lantarki ke ratsa dutsen idan ramukan sun cika da ruwan gishiri. Idan gishirin ya yi yawa, sakamakon yana bin dokar Archie ta 1942 tsaf, wato dokar da ke danganta yawan lantarkin da dutse ke wucewa da shi da yawan ramukansa da ruwan da ke cikinsu. Amma da zarar na tsarma ruwan, dutsen na ainihi da ke kan teburin gwaji yana wuce da lantarki fiye da abin da kwamfuta ta ba ni, tazarar kuma ba kaɗan ba.

Na san dalili: fatar yumɓu tana riƙe ƙwayoyi masu caji, su ma suna ɗaukar lantarki, musamman nau'in yumɓun da ake kira simektayit, wanda ya fi nau'in kawolin riƙe su nesa ba kusa ba. Sai dai ramukan cikin yumɓun sun fi ƙarfin idon na'urar, toka-toka kawai suke fitowa a hoton. Na ba yumɓun adadi guda tsayayye na yadda yake wuce da lantarki, ya yi daidai a matakin gishiri ɗaya, ya kauce a na gaba.

Shin in cusa lissafin Waxman da Smits na 1968, wanda ke ƙara gudummawar yumɓu a kan dokar Archie, cikin kowane ɗigon yumɓu na hoton ne, ko akwai hanyar da ta fi? Don Allah wanda ya taɓa yin wannan aikin ya nuna min. Allah ya saka da alheri.