Magani da ruwa: daga ina zan fara?

Zainab: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah a taimaka min, an ba mu aiki a makaranta kan tarihin yin magani da wanka, na ruwan zafi da na sanyi, kuma kwana ya kusa. Wa zan karanta? Sannan ko akwai wurin da mutum zai iya zuwa ya gani da idonsa?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Ƙanwata ki fara da abin da ke hannunki, hadisin nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa zazzaɓi daga hucin Jahannama yake, a sanyaya shi da ruwa. Daga nan ki nemi Al-Ƙanun na Ibn Sina wanda ya rasu a 1037, ya yi bayani sosai kan gidan wanka na hammam, yaushe ya kamata a shiga da kuma illar daɗewa a ciki. Akwai fassararsa da Turanci idan Larabcin zai ba ki wuya.

Baban Sadiƙ: Wurin gani kuma ai ba sai kin yi nisa ba, ki je Yankari a jihar Bauchi, ruwan Wikki. Ɗuminsa na nan wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina, ga shi garau kina ganin yashin ƙasa. Akwai kuma Ikogosi a Ekiti inda ruwan ɗumi da na sanyi suke haɗuwa, amma Wikki ya fi miki kusa.

Ɗan Agadas: Kar a manta da mu fa. Muna da Tafadek arewa da Agadas cikin duwatsun Abzin, shi ruwan zafi ne na gaske, masu ciwon gaɓoɓi da ciwon fata suna tahowa daga nesa su yada zango su yi kwanaki suna wanka. Amma a tambayi halin hanya kafin a ɗauki tafiya.

Sani mai gashin ƙashi: Zainab ki rubuta sunaye biyu. Na farko Vincenz Priessnitz, an haife shi 1799 ya mutu 1851, manomi ne a ƙauyen Gräfenberg wanda yanzu yake cikin ƙasar Cek, bai yi karatun likita ba amma ya shahara da ruwan sanyi, ya naɗe mutum da jiƙaƙƙen mayafi ya sa shi ya yi gumi sannan a tsoma shi a ruwa, har masu sarauta suna zuwa wajensa. Na biyu Sebastian Kneipp, limamin coci a Wörishofen ta Jamus, littafinsa kan magani da ruwa ya fito 1886 kuma har yau akwai wuraren da ake bin tsarinsa ana taka ruwan sanyi ba takalmi. Ni abin da nake so ki nuna a aikin naki shi ne yawancin abin da suka ce ruwa na warkarwa bai tabbata ba, amma wani sashe ya tsaya har ya shigo asibiti. Ruwa yana ɗauke wa jiki nauyi, ɗumi yana sassauta tsoka, shi ya sa mai ciwon gwiwa ko wanda ya samu shanyewar jiki yake iya motsin da ba zai iya a tsandauri ba. Franklin Roosevelt da ya zama shugaban Amurka ya fara zuwa Warm Springs, wani wurin ruwan ɗumi a jihar Jojiya, a 1924 saboda shanyewar ƙafafunsa, ruwan bai tayar da shi ya yi tafiya ba, amma wurin ya zama cibiyar kula da masu shan inna.

Zainab: Na gode Yaya Sani, na kwafe. Rumawa fa?

Sani mai gashin ƙashi: Ki duba garin Bath a Ingila, Rumawa suna kiransa Aquae Sulis, ruwan yana fitowa da zafin kusan digiri 46 kuma ginin wankan nasu yana nan ana zuwa kallo.

Hajiya Inna: Ku duk kun tafi nesa kun bar wankan jego. Mu ai da shi muka tashi, a tafasa ruwa a sa ganyen darbejiya ko runhu a yi ta fyaɗa wa mai jego safe da yamma har a yi arba'in, ga kunun kanwa. 'Yar nan ki zauna da tsohuwar unguwarzoma ki tambaye ta, za ki samu abin da babu a littafi.

Anti Rabi: Gaskiya ne Hajiya, ta saka shi, amma ta saka har da ɗaya ɓangaren. A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun yi bincike a Zariya kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawansa da tsananin zafin nan da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta da kuma gishirin da ke cikin kanwa. Daga baya masu bincike a Kano sun duba wasu dalilan kamar ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki, ita ma maganar ki kawo ta. Ni dai a ɗakin haihuwa na ga waɗanda ruwan ya ƙona musu fata, na ga masu hawan jini da suka dawo ƙafa a kumbure numfashi sama-sama, kuma abin yana ci min rai domin da an surka ruwan an rage kanwar da ba a kai nan ba.

Hajiya Inna: To ai ban ƙi ba Rabi, masu hawan jini su bi maganar likita. Mu ma da jikokinmu yanzu surkawa muke yi.

Baban Sadiƙ: Zainab idan za ki Yankari ki je ranar aiki, Asabar da Lahadi da lokacin hutun sallah wurin cika yake, ba za ki samu ki yi hira da ma'aikatan a natse ba.