Wane suna za mu raɗa wa "dashbod"?

Mai tambaya, daga Jidda: Assalamu alaikum jama'a. Ina haɗa ɗan darasi na murya don matanmu masu sayar da abaya da turare da dabino ta intanet, sai na rasa kalma ɗaya. Wurin nan da mai kanti kaɗai ke shiga da lambar sirri, ya ga odar da ta shigo, ya sauya farashi, ya sauke hoton kayan da suka ƙare, mai saye kuwa ba ya taɓa ganinsa. Bature ya ce dashbod. Balarabe ya ce lauhatut tahakkum, kamar yadda masu kanti a Salla da Zid, manhajojin buɗe kanti a intanet na Saudiyya, suka saba gani. Mu fa?

Daga Makka: Wa alaikumus salam. Ɗana, ai mu "lauha" muke cewa, kuma kowa yana ganewa. Me ya yi zafi?

Mai tambaya: Hajiya, ku kuna ganewa. Amma rabin masu sauraron nan ƙannenku ne da ke Kano da Zinder, su ke karɓar kayan idan an aika. Idan na ce lauha sai sun tambaye ni mece ce.

Daga Riyad: Kada ma a wahala da fassara ta Turancin. Asalinta katako ne ko fata da ake kafawa a gaban keken doki don tare taɓon da kofato ke watso wa direba. Mota ta gaji sunan, kwamfuta ta gada daga mota. Ba abin da za mu tsinta a can. Ni dai na ce "allon sarrafawa".

Daga Madina: Rabin maganarka ta zauna, ɗan'uwa. Allo daidai ne, don kalmar ma daga al-lauh ta zo mana, ka ga Hajiya ba ta yi asarar lauharta ba. Sarrafawa ce ban yarda da ita ba. A ƙasar nan duk wanda ya ji "sarraf", injin cirar kuɗi ne zai faɗo masa a rai. A gida kuma shinkafa da gyaɗa ake sarrafawa.

Daga Makka: To ku ce "bayan kanta" mana. Mai saye yana gaba, mai kaya yana baya.

Daga Riyad: A baki ta yi daɗi, Hajiya, amma rubuta ta ki gani. "Ta shiga bayan kanta." Mai karatu zai ɗauka ƙeyarta ake nufi.

Daga Madina: Ga tawa: allon ragama. Bahaushe ya riga ya san a riƙe ragamar gida, a miƙa ragamar mulki, ba sai an yi masa bayani ba. Linzami ma da ya yi, sai dai an riga an ba shi ɗan abin nan da ake ja da hannu a gefen kwamfuta.

Kuma ina son allon saboda wani dalili da ya wuce suna. Almajiri ba ya rubuta izu sittin a allo ɗaya. Karatun yau kawai yake rubutawa, in ya haddace ya wanke, ya ɗora na gaba. Haka ya kamata wannan wurin ya kasance: mai kanti ta buɗe waya da safe ta ga sababbin oda, da kayan da suka kusa ƙarewa, da saƙon da ba a amsa ba. Lissafin zakka da haraji, da sauya launin kanti, da ƙara ma'aikaci, duk su koma cikin jeri sai an neme su. Na ga wata manhaja da sai ka ratsa zane-zanen ciniki na shekara guda kafin ka kai ga maɓallin ƙara kaya, alhali shi ne ake taɓawa kullum. Tun 1994 Jakob Nielsen, masanin sauƙaƙa amfani da manhaja, ya sa a cikin ƙa'idojinsa goma cewa manhaja ta yi wa mutum magana da kalmomin da ya sani, kuma ta nuna masa abu ya gane shi da ido, kada ta bar shi da haddar inda yake.

Daga Riyad: Na janye tawa, Malam. Shawara ɗaya ga mai darasi: kada ka ce "duba hagu" ko "duba dama". Wadda wayarta ke kan Larabci jerin yana damanta, mai Turanci kuma yana hagunta. Ka ce "jerin gefe" kawai.

Mai tambaya: Bari in gwada a baki. "Shiga allon ragama ki rage farashin ajwa." "Kada ki ba kowa lambar allon ragamarki." Ta zauna. Shi kuma admin, wanda a nan ake ce wa mushrif, ya zama mai ragama ke nan. Malam, jam'in fa, ga mai kanti biyu?

Daga Madina: Allunan ragama.

Daga Makka: Allah ya yi muku albarka. Ni dai a bar ni da lauhata, amma ka turo mini darasin in tura wa 'yan Zinder.